Soyayyar dole ce ke lalata kashi na biyu a finafinan jarumai, ko ni kaɗai nake ganin haka?

Sarkin_Kallo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da finafinan Marvel da DC, yau dai na ce bari in kawo shi gabanku. A ganina ba ƙarancin faɗa ko raunin bos ne ke kashe ci gaban fim ba, soyayyar dole ce. A kashi na farko za a gina mana jarumi da wadda ta dace da shi a hankali har mu yarda da su. Da zarar an zo kashi na biyu sai a rushe ginin, ko a ɗauko mutum biyu da ba su taɓa yi wa juna kallon so ba a ce mana wai sun daɗe suna mutuwar juna.

Ku duba Age of Ultron na 2015. A Avengers na 2012 Natasha (Black Widow) tsoron Bruce Banner, mai rikiɗa ya zama Hulk, take ji, kuma da hujja, don Hulk sai da ya bi ta a guje cikin jirgin nan nasu saura ƙiris ya hallaka ta. Shekara uku bayan nan sai ga ta ita ce mai lallashinsa, har tana cewa su gudu tare su bar komai. Yaushe aka fara? A ina muka gani? Kuma ina aka kai Betty Ross, wadda Bruce ya so a fim ɗin Hulk na 2008? Ko sunanta ba a ambata ba. Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suke ganin haɗin ya yi.

Bakatsine_92:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Babbar shaidar cewa haɗin bai da tushe ita ce su kansu masu fim ɗin sun watsar da shi. A Infinity War da suka sake haɗuwa gaisuwa kawai suka yi, shi ke nan.

Gimbiyar_Wakanda:
Ni kam ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Tunanin haɗa su ba shi da laifi. Mutum biyu ne da kowannensu yake ganin hannunsa ya ɓaci da jini, kowanne yana ganin bai cancanci zaman iyali ba. Irin waɗannan sukan fahimci juna fiye da kowa. Inda aka kwafsa shi ne hirar da suka yi a gidan gonar Clint (Hawkeye), inda Natasha ta ba da labarin yadda aka hana ta haihuwa a wurin da aka horar da ita, sannan a numfashi ɗaya ta kwatanta kanta da dodo. Na san wasu sun ce kashe-kashen da ta yi take nufi. To amma duk macen da ta san zafin gorin rashin haihuwa, ko ta ga yadda ake yi wa 'yar'uwarta, ba haka maganar za ta sauka a kunnenta ba. Wannan wurin ya ɓata min rai ƙwarai, har yau idan na zo kansa wucewa nake yi.

Dan_Sabon_Gari:
Ni da Clint na so a haɗa ta. Duk maganar Budapest ɗin nan da suke yi a fim na farko, ga sarƙa mai alamar kibiya a wuyanta a Winter Soldier. Kawai sai aka fito mana da mata da 'ya'ya a ƙauye.

Malam_Na_Layi:
@Dan_Sabon_Gari ƙanena, a nan kam na saɓa da kai. Matar Clint da 'ya'yansa na daga cikin abu mafi kyau a fim ɗin. An nuna cewa namiji da mace za su iya zama aminai na haƙiƙa ba tare da an kai ga soyayya ba, har ya sa wa ɗansa Nathaniel don girmama ta. Kuma wannan amincin ne ya sa abin da ya faru a dutsen Vormir a Endgame ya yi nauyi. Kowannensu yana ƙoƙarin ya riga ɗayan faɗawa. Da masoya ne, da mun ce ai mun saba gani.

Ummu_Sauda:
Kuna ta Natasha, kun manta da wanda ya fi kowanne muni: Steve Rogers (Captain America) da Sharon Carter a Civil War na 2016. Peggy, wadda Steve ya so tun fim na farko, goggonta ce fa. An yi jana'izar Peggy a Landan, Sharon ce ta tashi ta yi jawabi, a nan ne ma Steve ya gane dangantakarsu. Ƙasar kabari ba ta bushe ba sai ga su suna sumbatar juna a ƙarƙashin gada, abokansa Bucky da Sam suna cikin mota suna murmushi. Ni kunya ce ta kama ni a madadinsu.

Hamza_Tudun_Wada:
Yaya Ummu, a shari'ance dai ba laifi, haɗa mace da goggonta a lokaci guda ne aka hana, kuma shi bai ma auri Peggy ba a lokacin.

Ummu_Sauda:
Ƙanena ai ba halacci nake magana ba, kara nake magana. Sannan ka tuna yadda aka ƙare. A Endgame na 2019 ya koma zamanin baya ya zauna da Peggy. Ke nan yarinyar da ya sumbata ta zama 'yar ɗan'uwan matarsa. Wanda ya rubuta wancan wurin bai yi tunanin inda labarin zai kwana ba.

Sarkin_Kallo:
@Ummu_Sauda kin kawo misalin da ya fi nawa. Kuma abin mamaki marubuta ɗaya ne suka rubuta duka biyun, Christopher Markus da Stephen McFeely.

Kyaftin_Zazzau:
Tunda an zo kan ƙarshen Steve, bari in faɗi nawa ko da za a yi min ca. Ni ban ji daɗin komawarsa wurin Peggy ba. Na san mutane da yawa sun yi hawaye da rawar nan ta ƙarshe, ni ma ta taɓa ni. Amma ku tuna Winter Soldier na 2014. Ya je ya same ta tsohuwa a kwance, mantuwa ta fara kama ta, ga hotunan 'ya'yanta a gefen gado. Ta yi aure, ta haihu, tana cikin waɗanda suka kafa hukumar tsaron nan S.H.I.E.L.D., ta rayu rayuwa cikakkiya ba tare da shi ba. Duk darasin fim ɗin shi ne Steve ya koyi zama a zamanin da ya farka a ciki. Fim biyu cur ya yi yana faɗa saboda Bucky, ya ɓata da Tony (Iron Man) saboda shi, ya zama wanda gwamnati ke nema saboda shi. Sai da Bucky ya dawo hayyacinsa, ba shi da kowa a duniya sai Steve, sannan Steve ya tafi ya bar shi. Wannan ba halin mutumin da muka sani ba ne.

Kuma har su masu fim ɗin bakinsu bai zo ɗaya ba. Daraktocin, 'yan uwan nan Russo, sun ce wata duniyar daban ya je ya zauna. Marubutan kuma suka ce a'a, tun asali shi ne mijin Peggy da ba a taɓa nuna mana fuskarsa ba. Idan maganar marubutan ce gaskiya, to yana zaune a gida ƙungiyar mugayen nan Hydra tana cin S.H.I.E.L.D. ta ciki, ana azabtar da Bucky, bai ce uffan ba.

Fati_Damagaram:
Haba Kyaftin. Mutumin da ya ba da komai, ya yi kusan shekara 70 a cikin ƙanƙara, bai cancanci ya huta ba? Alƙawarin rawa ya yi mata tun fim na 2011 kafin jirgin ya faɗi. Ya cika alƙawari. Ni wannan ya ishe ni.

Bakatsine_92:
Ina tare da Fati. Ba komai ne sai an yi masa lissafi ba.

Mai_Shayi_FC:
Ku bar Marvel haka nan, ku zo DC ku ga aika-aika. Wonder Woman 1984. Fim na farko na 2017 ya yi kyau matuƙa, Steve Trevor ya tashi da jirgin da ke ɗauke da gubar ya tarwatsa shi a sama, mutuwar da ta ba labarin daraja. A kashi na biyu aka ce mana tun 1918 har 1984 Diana, wato Wonder Woman, ba ta sake kallon kowa ba, shekara 66 tana cin abinci ita kaɗai. To mun ji. Sai ta yi fata a kan wani dutse, Steve ya dawo, amma a jikin wani bawan Allah mai gidansa da rayuwarsa. Suka shiga ɗakinsa, suka sa kayansa, suka kai jikinsa fagen faɗa har Masar inda za a iya kashe shi. Babu wanda ya tsaya ya ce wannan mutumin fa, ina yake, ya yarda? Jarumar da aka ce mana ita ce mai tausayi da gaskiya. Dutsen nan ya iya fito da katanga da makamai daga babu, me zai hana ya fito da Steve da jikinsa?

Gimbiyar_Wakanda:
@Mai_Shayi_FC wannan kam ba mai kare shi. Kuma ya rushe hujjar masu cewa canjin darakta ne matsalar, don Patty Jenkins ce ta yi duka biyun. Haka Joss Whedon ne ya yi Avengers na farko da Ultron.

Malam_Na_Layi:
Gimbiya ta faɗi abu mai muhimmanci. Ni abin da na lura da shi, kashi na farko labari ne ke jan kuɗi, kashi na biyu kuma kuɗi ne ke jan labari. An ga mutane sun so Chris Pine da Gal Gadot tare, sai aka yanke cewa dole ya dawo, daga baya aka zauna neman hanyar da za a dawo da shi. Idan aka fara da amsa sannan aka nemo tambaya, ɗinkin ba ya ɓoyuwa. Haka aka yi wa Sam Raimi a Spider-Man 3 na 2007. Furodusa Avi Arad ya matsa a saka Venom saboda masoya suna sonsa, alhali Raimi bai yi imani da shi ba. Aka tara Sandman da Harry da Venom, aka ƙaro Gwen Stacy don kawai Mary Jane ta yi kishi. Peter ya sumbaci Gwen a gaban jama'a irin sumbar da ya yi wa Mary Jane a fim na farko, tana tsaye tana kallo, kuma a lokacin baƙar rigar ba ta ma hau kansa ba balle a ce ita ce ta sa shi.

Dan_Sabon_Gari:
Amma Malam, Spider-Man 2 na 2004 kashi na biyu ne, kuma ya fi na farko. Wurin jirgin ƙasan nan har gobe babu kamarsa. Winter Soldier ma ya fi na farko. The Dark Knight ma haka. Don haka maganar Sarkin Kallo ba ta zama doka ba.

Sarkin_Kallo:
Ban ce kowane kashi na biyu ba ne. Amma ka duba ukun da ka lissafa. A Spider-Man 2 soyayyar ci gaban ta farko ce, ba sabuwa aka ƙirƙiro ba. A Winter Soldier an bar Steve da Natasha a matsayin abokan aiki, ita ce ma take ta nema masa budurwa. A The Dark Knight kuwa Rachel ta zaɓi Harvey Dent, ta rubuta wa Bruce wasiƙa, Alfred ya ƙona ta. Duk ukun ba a yi wa labarin dole ba, shi ya sa suka tsaya da ƙafarsu.

Hajiyar_Kanti:
Ni fa Mary Jane ɗin nan ban taɓa sonta ba. Ta bar ango a tsaye a coci, ga baƙi sun cika, ta ruga da rigar amarci wurin Peter. Me John Jameson ya yi mata? Gwen ta Emma Stone ta fi ta hankali nesa ba kusa ba. Tana taimakonsa da iliminta, ba kullum a sace ta tana ihu ba.

Hamza_Tudun_Wada:
Hajiya kin gama magana. Amazing Spider-Man 2 na 2014 fim ne mai tarkace da yawa, Electro da Goblin da Rhino da sirrin iyayen Peter duk a cunkushe. Abin da ya riƙe shi kawai Andrew Garfield da Emma Stone ne. A nan soyayyar ce ta ceci fim ɗin, akasin abin da mai tambaya ya ce. Mutuwarta kuma ba ƙirƙirar masu fim ba ce, tun 1973 aka kashe Gwen a littafin zanen. Shi ya sa lokacin da Andrew ya cafe MJ a No Way Home na 2021 idonsa ya ciko, duk wanda ya san tarihin sai da jikinsa ya yi sanyi.

Fati_Damagaram:
Wannan wurin kam na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Dogo_Mai_Waya:
Tambaya daga gefe. Wa ya lura cewa farkon Black Panther a dajin Sambisa aka ce ana yi? Inda T'Challa ya je ɗauko Nakia daga cikin motocin da aka ɗebo mata.

Kyaftin_Zazzau:
An rubuta a allo ma. A Civil War kuma faɗan farko na Avengers a Legas aka yi shi.

Gimbiyar_Wakanda:
Tunda Dogo ya kawo mu Wakanda, ni T'Challa da Nakia su ne haɗin da na fi so a duk Marvel. Tana da aikinta da ra'ayinta, ta ƙi zama a fada saboda ta ga mutanen da ke shan wahala a waje, kuma a ƙarshe ra'ayinta ne ya bi ya buɗe ƙasar. Rasuwar Chadwick Boseman a watan Agusta na 2020 ita ta yanke mana wannan labarin. Ina jinjina wa Ryan Coogler da bai ɗauko wani ya maye gurbinsa a Wakanda Forever ba, kuma bai nema wa Nakia wani mijin ba. Ta koma Haiti ta rene ɗansu a ɓoye.

Abin da ban gane ba shi ne masu son a haɗa Shuri, ƙanwar T'Challa, da Namor, sarkin Talokan ta ƙarƙashin teku. Intanet ta cika da zanensu. Jama'a, mutumin nan shi ya turo ruwan da ya kashe mahaifiyarta, yana tsaye yana kallo.

Zee_Kaduna:
To ni ina cikinsu Anti Gimbiya, kuma ba na jin kunya. Ba cewa muka yi su yi aure gobe ba. Ki tuna lokacin da ya zagaya da ita Talokan, ya ba ta labarin mahaifiyarsa, ya ba ta abin hannunta. Da zaren abin hannun nan ta sake haɗa tsiron da ya ba ta ƙarfi. Su biyun shugabannin al'ummar da ke ɓoye ne saboda tsoron 'yan mulkin mallaka, babu wanda ya san nauyin da ke kan kowannensu sai ɗayan. An gina wannan a cikin fim ɗin, mun gani da idonmu. Ya fi na Natasha da Bruce tushe sau goma.

Ummu_Sauda:
Zee 'yata, wanda ya kashe uwa ba ya zama miji. A yi sulhu don talakawa su zauna lafiya, wannan daidai ne, kuma shi Shuri ta yi. Amma a tsaya nan.

Zee_Kaduna:
Mama na ji, amma dai ba zan fasa ganin abin da na gani ba.

Mai_Shayi_FC:
Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san yadda ake riƙe soyayya a ci gaban fim. Krrish na 2006 Krishna ya haɗu da Priya, a Krrish 3 na 2013 suna matsayin mata da miji. Ko da aka kawo Kangana Ranaut ta kamu da sonsa, bai juya wa matarsa baya ba. Rakesh Roshan ne ya riƙe labarin tun Koi Mil Gaya na 2003.

Bakatsine_92:
Mai Shayi kar ka manta su ma sun yi nasu. Nisha da Preity Zinta ta fito a Koi Mil Gaya, da aka zo Krrish cewa kawai aka yi ta rasu. Irin abin da aka yi wa Jane Foster a Thor Ragnarok ke nan, fim biyu ana soyayya, sai a jimla ɗaya a bakin titi aka ce sun rabu.

Hajiyar_Kanti:
Jane kam an zalunce ta sau biyu. An dawo da ita a Love and Thunder na 2022 da ciwon daji da ya kai matakin ƙarshe, duk ɗaukar gudumar da za ta yi tana ƙara cinye jikinta. Wannan labari ne mai nauyi, na yi jinyar mai irin wannan ciwon na san abin da nake faɗa. Amma ba a bari mu zauna da baƙin cikin ko na minti biyu, sai awakin nan su kurma ihu ko Thor ya hau lallashin gatarinsa wai yana kishi. Christian Bale ya zage ya yi wasa mai ban tsoro a matsayin uban da 'yarsa ta mutu a hannunsa, shi ma aka yi asararsa. Taika Waititi ya ga barkwanci ya karɓu a Ragnarok sai ya ninka shi inda bai dace ba.

Malam_Na_Layi:
Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Hajiya. Don kada a ce sai kushe muka iya, akwai inda aka yi daidai. Tony da Pepper tun 2008 har 2019 ana tafe da su a hankali, da faɗansu da rabuwarsu da shiryawarsu, har ga 'yarsu Morgan. Sannan Guardians na uku a 2023. Gamora da Quill ya so ta mutu a hannun Thanos, wadda ta dawo ta wani zamanin ce, ba ta san shi ba. Kowa ya zaci za a san yadda aka yi ta sake sonsa. James Gunn ya ƙi. Suka rabu da mutunci, ta koma cikin Ravagers da ta ɗauka a matsayin danginta, shi kuma ya koma duniya wurin kakansa. Ku kwatanta da abin da aka yi da Steve Trevor.

Dogo_Mai_Waya:
Babu wanda ya ambaci Wanda da Vision? An ba mu shirin WandaVision mai kashi tara a 2021 a kan yadda ta haƙura ta sake shi da 'ya'yan, ta saki mutanen Westview. Shekara ɗaya bayan nan a Doctor Strange na biyu ta koma kashe mutane kamar ba ta koyi komai ba, kuma 'ya'yan kaɗai take nema, Vision ko a jikinta.

Kyaftin_Zazzau:
Za su ce maka littafin Darkhold ne ya juya mata tunani. An nuna tana karanta shi a ƙarshen shirin, wannan gaskiya ne. Amma sauyi mai girma haka bai kamata ya faru a bayan fage ba.

Sarkin_Kallo:
Na karanta komai, na gode ƙwarai. @Hamza_Tudun_Wada hujjarka ta Gwen tana da ƙarfi, amma ita ma tun fim na 2012 aka fara gina ta, don haka a wurina tana cikin waɗanda ba a yi musu dole ba. @Zee_Kaduna ke kuma na fahimce ki, sai dai ina tare da Ummu. Wanda har yanzu nake juyawa a raina shi ne na Steve da Peggy, don na ga gaskiya a bakin Kyaftin kuma na ga gaskiya a bakin Fati.

Fati_Damagaram:
Kyaftin bai amsa min ba har yanzu. Bucky ya san zai tafi, ka sake kallon sallamarsu kafin Steve ya hau na'urar komawa baya, ya ce masa zai yi kewarsa alhali daƙiƙa biyar aka ce zai yi. Kuma shi ya ce wa Sam ya je wurin Steve da ya tsufa a kan benci. Sun riga sun yi maganar tsakaninsu.

Kyaftin_Zazzau:
Na gani 'yar'uwa, kuma na yarda ya sani. To a nuna mana hirar mana. Fim ɗin awa uku ne, an samu lokacin nuna Hulk yana ɗaukar hoto da yara a gidan abinci, ba a samu minti biyu na Steve da Bucky su zauna su yi bankwana ba?